Kafin Alhaji Ya Sayi Jirgi

Tun da hanyoyinmu suka koma abin da ake shiga da addu'a a fita da hamdala, wata magana ta fara yawo a zaurukan masu hali. Da can, wanda Allah ya buɗa wa, burinsa bai wuce mota mai numfashi da gidan bene ba. Yanzu kuwa sai ka ji mutum yana tambaya, cikin raha amma da gaske a ƙasan zuciya, wai nawa ake sayar da ƙaramin jirgin sama. Ni ɗan Rimaye ne a ƙaramar hukumar Kankiya, kuma duk wanda ya san yankinmu, daga Kusada har ka dangana da Musawa da Matazu, ya san yadda mutane suka koyi duban rana kafin su hau hanya. Don haka ban yi mamaki ba da wani ɗan kasuwa na wajenmu, mai harkar hatsi da motocin dako, ya aiko mini da wannan tambaya, saboda ya san na daɗe ina bibiyar sha'anin jirage. Na ba shi amsa a taƙaice, amma maganar ta fi ƙarfin waya, kuma ba shi kaɗai ta shafa ba.

Ba ina nufin jiragen alfarma masu injin jet ba, irin waɗanda gwamnoni da hamshaƙan attajirai ke jerawa a Abuja da Legas. Waɗannan wata duniya ce. Ina magana ne a kan ƙaramin jirgi mai inji ɗaya da farfela a hanci, mai kujera biyu ko huɗu, wanda mai shi zai iya koyon tuƙa shi da kansa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Cessna 172 na Amurka. An fara ƙera shi a 1956, kuma zuwa yau an yi fiye da guda 44,000, babu wani samfurin jirgi a duniya da aka ƙera da yawa kamarsa. Na yanzu injinsa yana da ƙarfin doki 180, yana gudun kimanin kilomita 220 a awa, yana shan lita talatin da 'yan kai a kowace awa. Daga Katsina zuwa Kano bai cika minti 45 ba. Daga Katsina zuwa Abuja awa biyu da ɗoriya, ba shingen bincike, ba rami, ba fargabar wanda zai ɓullo daga daji. Sabo ya haura dala 400,000, amma akwai tsofaffi masu shekara arba'in da hamsin da ke tashi lafiya lau, ana samunsu da kuɗin da bai kai na wasu motocin da ke yawo a titin Katsina ba.

Ban ga laifin wanda ya yi sha'awa ba. Hasali ma ƙasarmu ta dace da irin wannan jirgi: shimfiɗaɗɗiya ce, garuruwa da nisa, sararin samaniya tas a yawancin kwanakin shekara. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na sojan saman Ingila, masu inji ɗaya da farfela, suka sauka a filin wasan dawaki na Kano bayan sun taso daga Masar sun ratso Sudan da Chadi. Da ƙananan jirage ake feshin tsuntsayen jan-baki idan suka yi wa manoman Kebbi da Jigawa da Yobe dirar mikiya. A wasu ƙasashen Afirka da su ake kai likita ƙauye, da su ake ɗauko mai naƙuda da ta gagara. Amfanin abin a bayyane yake. Abin da nake so mai niyya ya sani shi ne, kuɗin saye shi ne ƙaramar tambaya a cikin tambayoyin da ke gabansa.

Mu Katsinawa bai kamata wannan ya yi mana wuyar fahimta ba, domin mu mutanen doki ne. Garin da ya fitar da Sarki Usman Nagogo, wanda sunansa ya zagaya duniya a wasan ƙwallon dawaki, ya san cewa kowa na iya zuwa kasuwa ya kamo ingarma, amma ba kowa ke iya riƙe shi ba. Akwai harawa, akwai dawa da dusa da kanwa, akwai wanka da gyaran kofato, akwai kilisa ko ana salla ko ba a salla. Saboda nauyin wannan aiki ne masarautunmu suka yi masa sarauta sukutum, ta Shamaki. Jirgi doki ne da bargarsa ta fi shi tsada, sai dai shi idan ya yi tuntuɓe ba ƙasa ce kusa ba.

Ga inda ɗabi'armu ke karo da tasa. Mu a nan, mota ba ta zuwa gareji sai ta tsaya. In ta fara wani ƙara, direba ya ƙara sautin rediyo. In makanike ya ce wani abu ya kusa cinyewa, tambayar da ake yi masa ɗaya ce: zai kai ni Kano? In ya ce zai kai, an gama magana, a lallaɓa. Kalmar nan ta lallaɓawa ita ke riƙe da rabin motocin Arewa, kuma ban raina ta ba, domin talauci ne ya haife ta, hikima ta rene ta. Amma tana aiki ne saboda akwai gefen titi. Mota in ta mutu sai a gangara, a sa dutse a taya, a nemi inuwa. Shi kuwa jirgi ana gyara shi ne tun yana lafiya, kuma da agogo ake yi, ba da kunne ba. Akwai na'urar da ke ƙirga awannin da inji ya yi yana aiki. In ya cika awa 50, ko wata huɗu ya wuce, a juye baƙin mai, sannan a yanka matatar man a buɗe ta a duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki, domin inji yakan fara ba da labarin ciwonsa a nan tun kafin kowa ya ji a kunne. Akwai binciken awa 100. Akwai na shekara, wanda ake kwance murafu da kujeru da dandamali a leƙa kowane lungu da fitila da madubi. Magineto, mai ba fulogi wuta, guda biyu ne a injin, kowace silinda kuma fulogi biyu gare ta, don in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe. Duk da haka a awa 500 sai an cire su an buɗe. Shi kansa injin, kamfanin Lycoming da ke ƙera irinsa ya yanka masa wa'adi: kimanin awa 2,000 ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa, a sauke shi a warware shi ɗaiɗai a sabunta, ko da kuwa yana kaɗawa kamar agogo. Wannan aiki kaɗai gomman dubban daloli ne.

Wani zai ce to ai sai in rage hawa, in adana shi sai ranar buƙata. Nan ma an faɗa wani ramin. Jirgi zama ke kashe shi. Injin da ya yi watanni ba a tashe shi ba, mai yakan tsiyaye daga jikin ƙarafansa, tsatsa ta kama ciki inda ido ba ya kaiwa. Ranarmu tana busar da roba da tiyo, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, in ta ratsa matatar iska ta zama kamar yashi mai goge silinda. Ɓera na cin waya, tsuntsu na yin sheƙa a kan inji. Sai kuma zanzaro, wannan ɗan ƙwaron da ke gina ɗakin laka a kusurwar soro, wanda ba ma ko kallonsa. A ƙarƙashin fiffike akwai wani siririn bututu da iska ke shiga, shi ke gaya wa matuƙi saurin da yake yi. Ga zanzaro, wannan bututu gida ne da aka riga aka gina masa. A watan Fabrairu na 1996 wani babban jirgi ƙirar Boeing 757 na wani kamfanin Turkiyya ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu. Jirgin ya yi kusan mako uku a ajiye, kuma abin da masu bincike suka fi zargi shi ne irin wannan ƙwaro ya toshe bututun, na'ura ta yi wa matuƙa ƙarya. Murfin da ake rufe wannan bututu da shi bai kai kuɗin cefanen kwana ɗaya ba. Abin da ake buƙata shi ne mutumin da ba ya mantawa ya sa, ba ya kuma mantawa ya cire.

Wannan ya kawo ni kan abin da na ɗauka shi ne zuciyar maganar. Kowane jirgi yana da kundi, inji yana da nasa, farfela ma da nata. Duk abin da aka taɓa, ko kusa ɗaya ce, sai an rubuta: ranar kaza, awa kaza, an yi kaza, bisa shafi kaza na littafin kamfani. A ƙasa kuma injiniya mai lasisi ya sa hannu da lambar lasisinsa. In bai sa hannu ba, jirgin ba ya tashi, ko na wane ne. Jirgin da kundinsa ya ɓace ya zubar da babban kaso na darajarsa nan take, ko da fentinsa na ɗaukar ido, domin mai saye tarihi yake saye.

To, mai karatu, dubi wannan tsari ka dubi zamantakewarmu. A wurinmu makanike yaro ne, ko da ya yi furfura. Yana durƙusawa ya gai da mai mota, mai mota na zaune a ciki ya sauke gilashi rabi. An tarbiyyantar da mu cewa ba a ce wa babba a'a, sai dai a ce to, in ya so daga baya a san dabara. Wannan ladabi yana da kyau a zaure. Amma a rumfar jirgi, mutumin da ya fi kowa daraja shi ne wanda zai iya duban Alhaji, ranar ɗaurin auren 'yar amininsa a Sakkwato, an shirya, an sha babbar riga, direba ya kawo shi har bakin fiffike, ya ce masa: ranka ya daɗe, yau ba za a tashi ba, na ga ɗigon mai a inda bai kamata ba. Sannan Alhaji ya haɗiye fushinsa ya koma mota, kuma gobe kada injiniyan ya tarar an sallame shi. Tambayar da na yi wa ɗan kasuwar nan ke nan. Ban tambaye shi nawa ke asusunsa ba, na san akwai. Na tambaye shi yaushe rabon da wani da yake biya albashi ya hana shi abin da ya yi niyya, ya kuma hanu. Ya yi dariya, bai amsa ba.

Kayan gyara ma haka suke. Babu zancen a aika yaro Ƙofar Ruwa ya nemo mai kama da shi, ko a kai wa mai walda ya ɗana. Kowane ƙarfe yana zuwa da takardar shaidar inda aka ƙera shi da wanda ya gwada shi. Kusar da ba ta da takarda, ko ta fi ta asali kyau a ido, ba ta hawa jirgi. Kusan duka daga waje ake odarsu, da dala, a jira makonni, a bi ta kwastan. Wanda ya sayi jirgi lokacin da dala take naira 400 ya san abin da ya same shi da ta haye 1,500. In kuma ya ce bari ya riƙa ɗaukar fasinja ya rage zafi, doka ta tare shi: izinin jirgin kashin kai daban, na haya daban. A 2024 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, ta dakatar da izinin wasu masu jiragen alfarma saboda an same su suna kabu-kabu da su.

Sai mai. Yawancin ƙananan jiragen nan ba kananzir ɗin manyan jirage suke sha ba, ba kuma fetur ɗin gidan mai ba. Nasu fetur ne na musamman da ake kira afgas, mai launin shuɗi, da ɗan sinadarin dalma a ciki. Ba a tace shi a ƙasar nan, shigo da shi ake yi, yana da tsada, kuma ba kowane filin jirgi za ka sauka ka same shi ba. Wannan matsala ba ƙaramin mutum kaɗai take kayarwa ba. Kwalejin koyon tuƙi da gyaran jirage ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, ta yi shekaru tana horar da ɗalibai da jiragen Tampico na Faransa masu shan afgas, daga baya ta koma sayen jiragen Diamond na ƙasar Ostiriya, waɗanda injinsu ke shan kananzir ɗin da ake samu a kowane babban fili. Akwai injinan da aka yarje musu shan fetur ɗin mota, gaskiya ne. Amma wanda ya tuna watan Fabrairu na 2022, lokacin da aka shigo da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol ya lalata motocin mutane a Legas da Abuja, zai yi tunani sau biyu kafin ya ɗura abin da ya sayo a jarka ya hau sama da iyalinsa. Shi ya sa kafin kowane tashi matuƙi ke zagaya jirginsa da ɗan kofi mai haske, ya tsiyayi mai daga ƙasan kowane tanki ya ɗaga shi a rana. Ruwa ya fi mai nauyi, in akwai shi zai kwanta a ƙasa kamar ƙwayar ido. Kada a ɗauka wannan tsoro ne na littafi: a watan Yuli na 2023 an tsiyaye ruwa mai yawa daga tankin wani jirgin fasinja a filin Yola, Allah ya sa yana ƙasa abin ya bayyana.

Game da sabunta tsohon jirgi, a nan ake gane mai hankali da mai son a gani. Na lura cewa mu in mun sayi tsohon abu, fenti muke fara yi masa, sai kujerun fata, sai a rubuta suna a jiki. A ra'ayina kuɗin farko na tiyon mai ne da wayoyin wuta da suka tsufa, da bel ɗin ɗaure kafaɗa, da na'urar da ke aika siginar neman agaji ta tauraron ɗan'adam in jirgi ya faɗi, domin a dajinmu wanda ba a san inda ya faɗi ba ya faɗi sau biyu. Bayan nan rediyo mai kyau da na'urar nuna hanya ta GPS. Allon zamani irin na Garmin, wanda ke haɗa taswira da tsawo da sauri a fuska ɗaya, abu ne mai amfani ƙwarai, amma yana da wata illa da ba a cika faɗa ba: yana sa sabon matuƙi ya ji ya fi ƙarfin yanayin da bai fi ƙarfinsa ba. Wanda kuma ke da hali sosai, sauya inji zuwa mai shan kananzir ya fi masa duk wata kwalliya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye sai da amincewar hukuma, sai an sake auna nauyin jirgin, sai an shigar a kundi. Ba a yi wa jirgi ƙari irin na motar haya, wadda ake ɗaura wa ƙarfe a baya don ta ɗauki buhu goma.

Tun da na ambaci lodi, bari in faɗi abin da zai ba 'yan tasha dariya. Cessna 172 mai kujera huɗu, duk abin da zai iya ɗauka, mutane da kaya da mai, bai wuce kilo 400 ba. In ka cika tankunansa, mai ya cinye kusan kilo 145. Abin da ya rage na manya uku ne marasa jiki, ba akwati. Mu da muka saba ganin mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, ɗaya a but da akuya, sai mu ga kamar wasa ne. Sannan zafi yana rage ma wannan. Iska in ta yi zafi takan yi sirara, fiffike bai samun abin riƙewa sosai, inji bai samun abin shaƙa. Ƙasar Katsina tana kan tsawon kimanin mita 500 daga teku, amma da azahar ɗin watan Afrilu, zafi ya kai digiri 40, jirgi ji yake kamar daga kan dutse mai mita 1,500 yake tashi. Zai ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga, in ya ɗaga kuma da ƙyar yake hawa. Matuƙin kirki a bazara ɗan asuba ne.

Lasisin farko na mai tuƙa jirgin kansa ba shi da wuyar samu kamar yadda ake zato: shekara 17, gwajin lafiya, jarrabawar takarda, da aƙalla awa 40 a sama. Amma lasisi ne na gani da ido. Ma'ana kana tuƙi kana ganin ƙasa da inda sama ta haɗu da ita, kuma ƙa'ida ta gama-gari ita ce ka iya hangen kilomita biyar. Kowa ya san yadda hazo ke yi mana daga Disamba zuwa Fabrairu, ranakun da ko manyan jirage sukan kasa sauka Kano. Da damina kuma hadarin gabas yakan taso da la'asar kamar bango, ba ƙaramin jirgin da ke shiga cikinsa ya fita da fukafukansa. Wanda bai koyi tuƙi da na'ura zalla ba, in ya shiga hazo ko duhu, jikinsa zai riƙa gaya masa yana tafiya daidai alhali ya karkata, kuma zai gaskata jikinsa ya ƙaryata allo. Wannan ba rashin jarumta ba ne, haka aka halicci kunnen ɗan'adam.

Muna da misali a gida, kuma ina kawo shi da girmamawa ga mamaci. Marigayi Danbaba Suntai, gwamnan Taraba, mutum ne mai son jirgi da gaske, har ya je Zariya ya koyi tuƙi yana kan mulki. Ranar 25 ga Oktoba, 2012, ya tuƙo jirgin gwamnatin jiharsa ƙirar Cessna 208 daga Jalingo zuwa Yola, ya faɗi kafin ya isa fili. Shi da muƙarrabansa sun fita da rai, amma ya samu rauni a ƙwaƙwalwa wanda bai warke ba, aka yi ta jinya a Jamus da Amurka, jiharsa ta shiga rikicin wa ke mulki, har ya rasu a watan Yuni na 2017. Rahoton hukumar binciken haɗurran jirage ya nuna cewa lasisin da yake riƙe da shi bai kai na tuƙa wannan samfurin ba, kuma tafiyar ta gani da ido ce amma rana ta faɗi yana sama. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba kuskuren mutum ɗaya ba ne. A ranar nan akwai mutane da yawa a kusa da shi da suka san ƙarfe nawa rana ke faɗuwa. Wa zai tare gwamna a bakin jirgi?

A ce duk an tsallake waɗannan. Ina jirgin zai sauka? Littafin Cessna 172 ya ce yana buƙatar kimanin mita 500 kafin ya tashi ya haye bishiya, amma wannan lissafin kan kwalta ne, a gaɓar teku, cikin sanyi. A kan turɓayarmu da zafinmu sai a nemi abin da ya kusa ninki. Fili mai tsawon kilomita guda a miƙe, a yankin da kowace taƙi gonar gado ce, ba ƙaramin zaman sulhu ba ne. Sai an kewaye shi saboda awaki da shanu da yara masu tallan gyaɗa. Sai an sare dogayen itatuwa a bakinsa biyu, a garin da sunansa ma jam'in rimi ne. Sai an samu lasisin fili daga gwamnatin tarayya, domin ba a share gona a ce ta zama filin jirgi. Sannan ga zamanin da muke ciki. Tun da aka yi ta raɗe-raɗin jirage na kai wa 'yan bindiga kaya a daji, har gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a sararin Zamfara a watan Maris na 2021, duk ƙaramin jirgin da ya sauka a bayan gari sai ya amsa tambayoyi, daga jami'an tsaro da kuma daga bakin mutanen gari, wanda ya fi na jami'an kaifi. Ƙarshenta dai jirgin zai zauna ne a filin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina ko na Malam Aminu Kano. Daga Katsina zuwa Kankiya kuwa akwai kimanin kilomita 60, kafin a karkata zuwa Rimaye. Wato mai jirgi zai tsallake doguwar hanya, amma guntun da ya rage, wanda kowa ya san motarsa a kai, dole ya bi shi a ƙasa kamar kowa.

Ba don in kashe wa kowa gwiwa na jero waɗannan ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne mun taɓa kama hanya muka saki. A Kaduna, daga 1989, wani kamfani mai alaƙa da Dornier na Jamus ya harhaɗa ƙananan jirage 60 da aka sa wa suna Air Beetle don horar da sojan sama. Asalinsu samfurin RV-6A ne na kamfanin Van's da ke Amurka, jirgin da talakawan matuƙa a can ke saye a akwati su haɗa a garejin gidansu. Jiragen wannan kamfani da mutane suka haɗa da hannunsu suka tashi sun haura 10,000. 'Ya'yanmu ne suka ɗaure kusoshin na Kaduna. Da an riƙe wannan hannu, da yau akwai masu gyara da masu kayan gyara a Arewa da ƙaramin mai jirgi zai dogara da su. Maimakon haka, daga 2016 sai ga mu muna karɓar jiragen horo guda goma daga Pakistan. A 2007 kuma wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen ƙarafa, ya ɗaga shi kamar mita biyu daga ƙasa. Duniya ta yi ta labari, mu muka yi tafi muka watse. Yaron da ya iya wannan da gwangwani, abin da yake buƙata shi ne a sa shi gaban littafin kamfani da ma'aunin ɗaure kusa, ya koyi dalilin da ya sa ba a ƙara ko rabin juyi a kan abin da aka rubuta.

Ga ɗalibai masu karanta wannan fili, kowa so yake ya zama matuƙi, saboda farar riga da igiyoyin kafaɗa. Ku sani a Zariyar nan ana koyar da injiniyancin gyaran jirage, kuma lasisin da ake samu bayan an yi karatun an kuma yi shekarun aiki a ƙarƙashin gwani, sana'a ce da ake nema daga Kano har Dubai. Jihohinmu da ke tura yara koyon tuƙi a waje da kuɗi masu nauyi, ya kamata ga kowane matuƙi ɗaya su tura masu gyara biyu.

Ga masu hali kuwa, shawarata ita ce kada kowa ya sayi nasa. A ƙasashen da wannan harka ta zauna da gindinta, yawancin masu tashi ba su mallaki jirgi su kaɗai ba, ƙungiya suke yi. Mutum takwas ko goma daga Kankiya da Kusada da Ingawa da cikin Katsina za su iya haɗa hannu su sayi jirgi ɗaya mai shan kananzir, su kama rumfa a filin Katsina. Jirgin zai riƙa tashi kowane mako maimakon ya zauna yana tsatsa, kowa ya biya gwargwadon awannin da ya hau, a ware wani kaso na kowace awa a asusun sabunta inji tun daga ranar farko. Su ɗauki malamin tuƙi, ya zama ba mamban da zai tashi shi kaɗai in ya yi wata uku bai hau ba sai malam ya zauna gefensa. Ranakun da ba mai tafiya, makarantun sakandaren yankin su kawo ɗalibai su ga yadda ake buɗe inji. Injiniyan kuma kada ya zama yaron ɗaya daga cikinsu. Albashinsa ya fito daga asusun ƙungiya a farkon wata, tun ba a san ko jirgin zai tashi a watan ko ba zai tashi ba, sallamarsa ta zama sai da ƙuri'ar kashi biyu cikin uku na mambobi, makullin rumfar kuma ya kwana a aljihunsa.